Rasuwar Littafin Doki Mai Fiffike Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da har yau ta hana ta ɗaga kai, Rahina 'yar Malam Suma'ila ta unguwar Birni, nan Damagaram, tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan karatunta na makarantar lise rasuwar littafinta, wanda aka fi sani a gida da Littafin Gurgu. Marigayin ya cika a bayan randa a ƙarshen daminar bana, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya leƙa shi. Gara ce ajalinsa. Sai dai mai sanarwa ta roƙi a faɗa a fili cewa gara aikinta kawai ta yi.

Marigayin baƙo ne a garin nan. Kawu Nomau, direban babbar mota, shi ya tsinto shi cikin tulin tsofaffin littattafai a bakin titi a Yamai. Kawu bai iya Faransanci ba, in ban da ɗan abin da ake gaisawa da jandarma a hanya. Hoton bango kawai ya gani: wata yarinya rungume da tulu, a bayan farin doki mai fiffike ɗaya, ƙarƙashinsu ruwa shuɗi iya ganin ido. Ya ce wanda ya zana wannan da magana a bakinsa, ya kawo wa Rahina tsaraba. Littafin ya iso yana warin man gazuwal da goro, da zagayen kofin shayi a bangonsa, shaidar ya yi zama a wasu gidajen kafin nan.

Labarin da ke cikinsa na mutanen Girka ne na dā. Wata yarinya ce mai kiwon awaki a wani tsibiri, rijiyoyinsu suka ƙafe saboda manyan da ke zaune a kan dutse sun yi faɗa a tsakaninsu. Sai ta ɗauki tulu ta tafi roƙon ruwa wurin sarkin teku, ba ta da abokin tafiya sai wani doki da 'yan uwansa suka tashi sama suka bari, don fiffikensa ɗaya ya karye.

Babbar mai sauraron marigayin ita ce Iya Shatu, kakar Rahina ta wajen uba, wadda yanar ido ta rage mata gani har ba ta bambanta mutum sai da murya. Kullum bayan la'asar Iya kan shimfiɗa tabarma gindin lemo, Rahina ta karanta da Faransanci a zuci, ta juya da Hausa a baki. A ranar farko Rahina ta ce alloli ne ke faɗa a kan dutsen. Iya ta nemi tsari, ta ce waɗanda ke zagin juna kamar 'yan kasuwar Dole ai iskoki ne, a kira su da sunansu. Daga ranar iskoki suka zama. Sunan yarinyar ya ƙi zama a harshen Iya, ta raɗa mata 'Yar Awaki. Dokin kuwa Gurgu.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da tambaya. Da aka zo kan kare mai kai uku da ke gadin ƙofar matattu, an yi yini ana shawarar ta wane baki ake ba shi abinci. Da aka zo kan matar da gashinta macizai ne, Iya ta tausaya wa mai yi mata kitso. Ta so ta san ko teku ya fi tafkin Gidimuni, da aka ce mata ya fi, kuma ba a shansa saboda gishiri, ta ce wannan ai asara ce. Amma ƙafewar rijiya ba ta taɓa tambaya a kai ba. Wannan ta sani. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram yana jiran mai ga-ruwa ya sani.

Ba mai ɗaga murya ba ne. Shaf, in an juya shafi. Ƙas, in an buɗe shi fiye da kima, don gadon bayansa ya daɗe a liƙe da sikoci. Ko kaza ta bi ta kansa bai taɓa gunaguni ba.

Alkawari ɗaya Iya ta nema tun farko: kada Rahina ta wuce ta ko da shafi guda. Gashin zabo suke sawa a inda suka tsaya, Iya kan laluba da yatsa ta ji kaurin abin da ya rage, ta yi tsaki in ta ji yana sirancewa.

Ciwon ajalin marigayin ya faro ne wata safiya da mushen lissafi, wato malaminsu, bai zo aji ba. Littafin na cikin jakar Rahina. Ta ce bari ta leƙa shafi ɗaya. Shafi ya ja shafi, har ta kai inda Gurgu ya ɗauko 'Yar Awaki da tulunta cike, ya ƙetare teku da fiffike ɗaya, ya kai gaɓa, ya durƙusa don ta sauka, bai ƙara tashi ba. Rahina ta rufe littafin, ta kifa kai a tebur. Saura babi ɗaya, amma ba ta iya buɗe shi ba.

A makon ne aka aiko daga Dakusa cewa Ɗan'auta, ƙanen Iya, wanda shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu, ya rasu. Jinin Iya ya hau, likita ya ce a kiyaye abin da zai tayar mata da hankali. Rahina ta dubi tsohuwar da kullum sai ta tambayi lafiyar Gurgu kamar jikanta ne, ta ga ba za ta iya kashe mata shi da bakinta ba. Sai ta cusa littafin bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa, ko leda ba ta sa masa ba. Ta ce wa Iya ƙawarta Sa'a ta ara, ta tafi da shi hutu can garin Damagaram Takaya.

Niyyarta ta ɗan lokaci ce, kafin Iya ta warware. Iya ta warware. Amma ƙarya ta riga ta yi saiwa, kuma kowace rana fito da littafin ya fi jiya wuya. Damina ta kankama. Kullum bayan la'asar Iya na shimfiɗa tabarmarta, ta zauna, ta jira, sannan ta naɗe. Wani lokaci ta ce Allah ya shirya Sa'a, yarinyar da ta ɗauka mai hankali ce. Rahina na jin ta. Daga randar nan take shan ruwa safe da yamma, idonta a kan moɗa, ba ta taɓa leƙa baya ba.

Da hutu ya ƙare Sa'a ta dawo, ta zo gaishe da Iya da ƙullin sabuwar gyaɗa.

"Sannu da zuwa," in ji Iya. "Gyaɗa na gode. Ina Gurguna?"

"Wane Gurgu, Iya?"

"Littafin da kika tafi da shi."

Sa'a ta juyo ta dubi Rahina. Ba ta tona ta ba, ba ta kuma rufa mata ba.

Rahina ta tashi ta je bayan randa. Bangon na nan lafiya, dokin na nan da fiffikensa. Amma da ta ɗaga, sai ta ji ba nauyi. Ƙasa ta zubo daga cikinsa. Gara ta fara ne daga baya, ta cinye babin ƙarshe, ta cinye mutuwar Gurgu, ta gina hanyoyinta har tsakiyar teku. Wannan karon bai ce shaf ba. Ruɓuɓuɓu ya yi a hannunta.

Ta kawo shi, ta durƙusa gaban tabarma, ta faɗi komai. Iya ta karɓa, ta laluba inda kaurin yake a dā.

"Gurgu ya mutu ko?"

"Ya mutu, Iya."

"Na yi zato. Ke Rahina, na binne miji, na binne 'ya'ya uku, ƙanena ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Doki ne zai kashe ni? Da kin bar ni na yi kukansa, da na samu inda zan zubar da na Ɗan'auta." Ta kakkaɓe ƙasar daga zanenta. "To ruwan fa? Ya koma rijiyoyin?"

"Ban karanta nan ba, Iya."

Iya ta ajiye littafin a kan tabarma. Sannan ta ce Rahina ta fara ba Sa'a haƙuri, don ita aka yi damina guda ana ci wa mutunci tana can tana cirar gyaɗa.

Marigayin ya bar Iya Shatu, wadda ya yi wa hira a lokacin da idonta ya daina yi mata. Ya bar Kawu Nomau, wanda ya koma bakin titin nan na Yamai da bangon a aljihu yana nuna wa masu tallan littafi, kowa ya ce ya taɓa ganin irinsa amma ba yanzu ba. Ya bar Sa'a, wadda ba ta taɓa karanta shi ba amma ta ɗauki zunubinsa, ta kuma yafe, ko da yake ta ce sai an daɗe tana tuna wa Rahina. Ya bar gashin zabo ɗaya, wanda gara ta ƙi. Ya bar 'Yar Awaki tsaye a bakin gaɓa da tulu a hannu, ba wanda ya san ko ta kai shi gida. Ya kuma bar Rahina, wadda ta so ta kare kakarta daga baƙin ciki ɗaya, ta raba ta da la'asar ɗin damina guda, a shekarun da ba a san yawan daminar da ta rage ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a gidan Malam Suma'ila. Iya ta ce abin da ke da rubutu ba a zuba shi a juji, ko da na Nasara ne, saboda haka za a naɗe abin da ya saura a tsohon kallabi a sa shi gindin lemo. Rahina za ta haƙa ramin da hannunta. Bangon kaɗai za a bari, Kawu zai ci gaba da yawo da shi.

Zaman makoki a kan tabarmar Iya ne, nan take bayan an rufe ramin. A wurin Rahina za ta faɗi mutuwar Gurgu da ka, yadda ta karanta ta, ba ragi ba sassauci. Tun jiya take neman Hausar da za ta ishe ta. Daga inda ta tsaya Iya za ta karɓa, don ta ce maganar ko ruwa ya koma rijiya ba sai an tambayi mutanen Girka ba, ita za ta faɗa.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da abin zamansa, kuma kada a ce wa mai sanarwa ba komai, don da komai. Iya ta ce ita ba za ta yi kuka a kan dabba ba. Ta dai sa a wanke mata babban mayafinta.