Mita Ta Tona Mini Asiri

Ranar Laraba da hantsi ina layin gidan mai, rungume da jarkar kawuna, ni ne na sittin da wani abu in ka ƙirgo daga famfo, sai ga saƙo a waya cewa za a kore ni daga aiki. Ba aikin da ake ci da shi ba, wannan tun bara muka yi hannun riga. Aikin ceton rai nake nufi.

Bari in yi wa iyayenmu masu karanta wannan shafi bayani, kada su ɗauka na zama likita ban gaya musu ba. Akwai wani wasa da muke yi ta intanet. Mutum biyar ke haɗa ƙungiya, kowa daga ɗakinsa, a shiga kogo a yaƙi wani dodo mai kai uku. Kowa da aikinsa. Kyaftin ɗinmu, wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ke tsayawa gaba yana shan duka. Akwai wa da ƙani masu takubba, waɗanda ba sa buɗe baki sai in zagi ya taso. Akwai Maharbiya. Sai ni a can baya, rataye da gorar magani, duk wanda jininsa ya yi ƙasa in watsa masa ya miƙe.

Maharbiya kuwa, me zan ce muku? Na karanta littattafai ba iyaka, na gida da na waje, na ga yadda marubuta ke kashe shafi goma wajen siffanta idon mace. Ni ban taɓa ganin idonta ba. Muryarta kawai na sani, ita ma sai a cikin wasa, don ko lambarta ba ni da ita. Amma idan ta ce "hagu, hagu, ga shi nan ta hagu," wallahi sai in ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya shekara a rufe. Wata bakwai ina dakon wannan abu a ƙirjina ban gaya wa kowa ba.

To, makon jiya dodon nan ya kashe mu sau tara a jere. Kyaftin ya fusata ya samo wata manhaja ya liƙa wa wasan, wai ita mita. Komai ƙirgawa take yi: sara nawa ka kai, sau nawa ka mutu, minti nawa ka tsaya cak kamar gunki, magani nawa ka bayar, kuma wa ka ba. Ku dubi ikon Allah. Ni da sana'ata a wannan shafi mita, yau ni aka sa wa mita.

Saƙon da ya same ni a layi jadawalin mitar ne, Kyaftin ya baje shi a zaurenmu na hira inda kowa zai gani. Sunana a ƙarshe, an ja masa jan layi. Wai na tsaya cak na minti goma sha ɗaya. Wannan ba laifina ba ne, duk unguwa shaida ce, da an ɗauke wuta sabis ɗinmu ke bin ta kamar raƙumi da akala. Layi na biyu ne ya kashe mini jiki. Maganin da na raba a mako guda, kashi tamanin da bakwai cikin ɗari wajen mutum ɗaya ya tafi. Maharbiya. Har da sau ashirin da shida da na watsa mata alhali jininta a cike fal, a daidai lokacin da Kyaftin ke kwance dodo na tattaka shi.

A ƙasa ya rubuta, "Asabar da la'asar za mu jefa ƙuri'a. Mai magani ya zo da bayani."

Wani direban tasi da ke bayana, wanda ya kashe motarsa yana tura ta da hannu duk lokacin da layi ya motsa, ya dubi fuskata.

"Ɗan'uwa, rasuwa aka yi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara yana share gumi da tsumman goge gilashi.

"Wato an ba ka maganin mutum huɗu, ka kwashe ka kai wa budurwarka."

"Ba budurwata ba ce tukuna."

"Au, ashe ma kyauta ka yi ɓarnar." Ya kaɗa kai. "Kai ai babban ofis ya kamace ka. Tumbi kawai ya rage maka."

Maganar ta yi mini ciwo, amma ta buɗe mini ido. Na dubi layin nan da ya zagaya ya wuce shagon mai faci, na ce a raina, ina ma a ɗauki mitar Kyaftin a liƙa wa manyanmu ko na mako guda. A fara da Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ya yanke ƙyallen buɗe famfon unguwarmu sau uku, har yau famfon ko tari bai yi ba. Tsayuwa cak: shekara huɗu. Sai Ranka Ya Daɗe Mai Aza Harsashi, wanda in an haɗa tubalan da ya aza da an gina gari, sai dai kowanne tubali yana can shi kaɗai a cikin ciyawa kamar maraya. Sai babban layin jadawalin: titunan da aka yi bana, kashi nawa ne suka bi ta ƙofar gidan surukai?

Amma kada mu zalunce su. Ba a auna giwa da sikelin mai tumatir. Bayin Allah nan sun gaji da aikin auna mu. Sun sa mana mitar wuta mai ƙirga duhu, sun sa mana mitar ruwa mai ƙirga iska. In kuma aka ce su hau sikeli sai ka ji an kafa kwamitin duba lafiyar sikelin. Wanzami dama ba ya son jarfa.

Ina na tara a layi aka ce mai ya ƙare. Wata baƙar mota mai duhun gilashi ta shigo ta ƙofar fita, famfo ya farfaɗo na minti biyar don girmamawa, sannan ya sake suma.

Na koma gida da jarka wayam. A gidan kawuna nake zaune, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara talatin da biyar a wani ofis yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan har ya yi ritaya. Na same shi a falo ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, yana fifita da tsohuwar kalanda.

"Ina man?"

"Babu, Kawu."

"Wannan na sani. Fuskarka fa, me ya same ta?"

Na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta jadawalin a tsanake, yana bin kowane layi da yatsa.

"Gaskiya ne abin da ta faɗa?"

"Gaskiya ne, Kawu."

"To ka daina faɗin haka ko a mafarki." Ya cire tabarau. "Ɗana, a wajenmu in rahoto ya fito ya ce oga bai yi aiki ba, ka san tambayar farko da ake yi? Ba a cewa me ya sa bai yi ba. Cewa ake, wa ya fitar da rahoton? Wasan naku ba shi da doka?"

"Yana da ita, amma ba mai karantawa. 'Na amince' kawai ake dannawa a wuce."

"Nan arzikinka yake. Doka ta wanda ya karanta ce."

Shafi arba'in da biyu ce. Ni da na sha haɗiye littattafai masu kauri kamar bulo, sai da na yi gyangyaɗi sau biyu. A sashe na tara na same shi. An yarda kowa ya sa mita ya auna kansa. An yarda shugaban ƙungiya ya sallami wanda ya ga dama ba tare da ya ba da dalili ba. Amma an hana a baje makin mutum a gaban jama'a, an hana a ce masa saboda makinsa aka kore shi. Wanda ya yi haka, in an kai ƙararsa, dakatarwar wata uku ce, kuma ya rasa matsayinsa.

Kun ji fa. Kora halal, faɗin dalili haram. Na rantse wanda ya rubuta wannan doka ya taɓa riƙe muƙami.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu na yi ina kokawa da zuciyata. Duk jaruman da na karanta, in irin wannan ta same su, miƙewa suke su amsa laifi su fita da kansu a sama. Har na tsara jawabin, mai sa mutum hawaye. Amma jarumin littafi yana fita ne marubuci ya haɗa shi da masoyiyarsa a babi na gaba. Ni in na fita daga ƙungiyar nan, ƙofar ta rufe ke nan, muryar nan ba zan ƙara jin ta ba har abada. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar da la'asar, cikin ikon Allah akwai wuta. Na zauna bakin katifa na sa abin ji a kunne. Kawu ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa kamar lauya.

"Mai magani, muna jin ka," in ji Kyaftin.

Na buɗe baki da niyyar jawabin jarumai, Allah ya sani. Sai na ji Maharbiya ta yi gyaran murya kaɗan, can nesa, zuciyata ta ce yau ce ta ƙarshe. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kafin mu ci gaba, ina so in ja hankalin wannan zama zuwa sashe na tara."

Na karanta shi tsaf, har da waƙafi. Shekara huɗu Kyaftin ya yi yana gina matsayinsa a wasan nan, tsakanin gyaran wannan waya da waccan.

"Barazana kake yi mini?"

"Allah ya kiyaye, Kyaftin. Doka nake karanta maka."

Kawu ya ɗaga mini babban yatsa. Wan masu takubba ya faɗi wata kalma da editana ba zai bari ta fito ba, ƙanin ya maimaita ta.

"Ba wanda ya ce za a kore ka," in ji Kyaftin, muryarsa kamar mai tauna tsakuwa. "Ba mu minti goma."

Suka rufe ni a waje suka yi shawara. Da suka dawo sai na ji Kyaftin ya sauya harshe, ya zama kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ashe ƙungiya tana iya rajistar mutum shida, biyar a fili, ɗaya a benci. Bisa la'akari da gogewata da sadaukarwata, an ɗaga ni zuwa Babban Mai Ba Da Shawara Na Musamman Kan Harkokin Lafiya. Zan riƙa kallon yaƙi daga sama. Shawarwarina a rubuce zan riƙa turowa, za a duba su a lokacin da ya dace. Gorar magani kuma an miƙa ta ga wani tela, abokin Kyaftin.

A karon farko suka kashe dodon. Ina kallo daga sama. Telan nan raba magani yake kamar mai raba gado a gaban alƙali.

Bayan kowa ya watse na ga sunanta bai fita ba tukuna. Mu biyu kaɗai a layi, karo na farko cikin wata bakwai.

"Maharbiya, game da kashi tamanin da bakwai ɗin nan..."

"Na gani tun Laraba," ta ce. "Na yi dariya har abokan aikina suka ɗauka albishir aka yi mini."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me? Mutum ya bar mutum uku suna mutuwa saboda ni, ai ko ba komai a ji ta bakinsa. Na zo da niyyar in ce a bar ka, a koya maka. In sun ƙi kuma in karɓi lambarka kafin ka fita. Sai na ji kana karanta mana sashe na tara."

Na ce, "To yanzu fa?"

"Yanzu ai ka fi ƙarfinmu, ranka ya daɗe."

Sunanta ya dushe.

Ga ni nan dai a kan kujerata. Ba mai iya taɓa ni, ba mai yi mini magana. Mitar ma ta daina ganina, don wanda ba ya aiki ba shi da maki. Na tura shawara uku, an amsa mini cewa suna kan tebur. Kawu ya ce kada in damu, wata ukun farko ne masu wuya, daga nan kunyar takan tafi da kanta. Ya ce in fara neman mataimaki.