Rasuwar Kwamin Ninƙayar Gidan Mai Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da ƙirga layin tayil, tsohon ma'aikacin awon filaye, wanda unguwa ke kira Mai Awo, yana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar kwamin ninƙayarsa. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar wata bakwai. Marigayin ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya, tsawonsa mita takwas, faɗinsa huɗu. Mai Awo ya ce a rubuta haka daidai, domin shi ya ja igiyar awon da hannunsa.

An haifi marigayin a shekarar da Mai Awo ya ajiye aiki. 'Ya'yansa uku sun yi nisa, kowa yana garin da abinci ya kai shi. Sai tsohon ya yi tunanin cewa jika ba ya ƙin ruwa, kuma inda jika ya kafe da kuka dole uwarsa ta kawo shi. Ya sare bishiyar lemo biyu a filin da ke bayan kicin, ya sa aka haƙa rami. Dabarar ta ci hutun makaranta huɗu. Daga nan jikokin suka girma, gaisuwarsu ta koma ta waya, ita ma sai an tura musu wayar a kunne.

Shaidar da ake yi wa marigayin mai kyau ce. Ya haɗiye ganye da ƙura da takalmin jika bai taɓa ƙorafi ba. A zamanin ƙuruciyarsa ana jin tsundum ɗinsa har titi. Uwargidan Mai Awo, wadda ba ta iya ninƙaya ba kuma ba ta yi niyyar koya ba, takan zauna a matakalarsa da la'asar ta tsoma ƙafa, shi kuma yana amsa mata da cakal, cakal. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Tun daga lokacin, in ka ji murya a gidan nan, to injin tace ruwa ne yake gurrr ɗinsa na safe.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Mai Awo ya lura ruwan yana sauka faɗin yatsa kullum. Da farko ya ɗora wa rana laifi, amma wanda ya yi shekara talatin yana raba iyakar gonaki ba ya yanke hukunci da ka. Ya cika bokiti ya ajiye a matakala ta biyu, ya ja layi da fensir a cikin bokitin, ya ja wani a jikin bango. Washegari na bokiti ya ɗan taɓa kaɗan, na kwami ya ninka shi uku. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ya kira mai gyaran famfo.

Mai gyaran famfon magidanci ne mai ciwon gwiwa da yawan magana, kuma Talata ce ranar da yake da sarari. Ya kashe injin kwana biyu don ya ga ko bututu ne. Ya toshe mafitar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya hura iska a bututan ya kwanta rub da ciki yana sauraron ƙasa. In ya gaji sai ya hau baranda, Mai Awo ya zuba shayi, a shiga hirar tantabarun mai gyaran da rigimar surukarsa.

"Baba, wannan kwamin naka ya fi surukata wuyar sha'ani," in ji shi. "Ita ko ba komai tana faɗin abin da ke damunta."

Mai Awo ya yi dariya har da tari. Shi kansa sai da ya yi mamakin jin muryarsa.

A nan ne sanarwar nan za ta faɗi abin da mai ita ya so a tsallake, sannan daga baya ya ce a rubuta shi. A wata Litinin cikin mako na huɗu da fara zuwan mai gyaran, ya ɗauko ragowar shuɗiyar tawadar da yake zana taswira da ita, ya shiga ruwan har ƙirji, yana ɗiga ta a jikin bango. Da ya zo kan fitilar da ke jikin bango a gefen zurfi, tawadar ta miƙe siririya ta shige wata tsaga da ba ta kai farce ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Washegari ya ɗora ruwan shayi da wuri, kuma da baƙonsa ya iso sai ya nuna masa can wata kusurwa daban, ya ce yana zargin ƙasar wurin da laima.

Mai gyaran famfo ya roƙi a bar ruwan ya yi ta sauka, domin inda ya tsaya nan yoyon yake. Mai Awo ya ce rana za ta fasa masa tayil, ya ci gaba da cikawa da tiyo kowace safiya. Ya san abin da ruwa ke yi wa ƙasa in ya samu hanya, don sana'arsa ce. Amma kwana shida na shiru suna da tsawo, Talata kuwa guda ce.

Ruwan ya yi ta cin ƙasar da ke bayan bangon har ta zama kogo. Ranar Laraba bangon ya ce ƙaƙas, daɓen ya dare gida biyu, marigayin ya yi numfashinsa na ƙarshe, ɓul, ɓul, ɓul. Mai gyaran famfo ya bar wani aiki ya zo. Ya sauka cikin busasshen ramin da gwiwarsa mai ciwo, ya duƙa gaban fitilar, ya ga shuɗin tawada ya kama bakin tsagar.

"Baba, tun yaushe?"

"Wata shida."

"Aikin rabin awa ne fa, Baba. Na tone maka rabin gida. Kullum in na koma sai in ce wa matata da alama hannuna ya fara mantuwa."

Ya tattara kayansa a jaka. Shayin da aka zuba masa ya huce a kan tebur.

Marigayin ya rasu ya bar tsani ɗaya, da ragar kwashe ganye, da injin da yanzu ba shi da abin tacewa, da agwagwar roba da iskarta ta sace tun hutu na huɗu, da kwaɗi biyu da ba a san danginsu ba. Ya kuma bar Mai Awo. 'Ya'yan gidan sun aiko da ta'aziyya a rubuce, babbansu ya ƙara da cewa gara haka, a cike wurin a samu inda za a ajiye mota in an zo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara, da tifa uku ta yashi. Mai Awo ne zai zuba shebur na farko. Za a karɓi gaisuwa a baranda, ba a kuma sa ranar tashi daga zaman makoki ba. Ana roƙon duk wanda ya haɗu da mai gyaran famfo ya gaya masa cewa hannunsa lafiya lau yake, laifin na tsoho ne. Ya gaya masa kuma babu sauran abin gyara a gidan nan, ko ɗaya, saboda haka in zai zo kada ya wahalar da kansa da ɗaukar jaka.