Ranar da Aka Ɓoye Mu Bayan Maƙabarta

Shekaranjiya da safe na gangara gidan man da ke titin bakin teku, inda na bar motata ta tasi a layi tun farkon mako, na tarar babu layin, babu motar. Inda motoci suke sai tukwanen furanni a jere.

Sorie, mai gadin wurin, ya dube ni cikin tausayi. "Pa Hindolo, ba ka ji ba? Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido zai tsaya yau. An kwashe layin an mayar bayan tsohuwar maƙabarta."

"Motocin da ko ɗigon mai babu a cikinsu?"

"Turawa aka yi," in ji shi, "saboda Turawa."

A nan dole in cire hula in gaida Mai Girma Shugaban Kwamitin Ƙawata Gaɓar Teku, uban fenti, gatan furanni. Tun ina yaro ake mana alkawarin kawar da layin mai daga titin nan, shi kaɗai ya cika, kuma ba tare da ya kawo man ba. Ya sa an yi wa gidaje fenti, amma bangon da ke kallon teku kawai. Kwatar da ke ambaliya duk damina an rufe ta da katako, an shimfiɗa koren kafet a kai. Wari dai ya ƙi bin doka.

A bayan maƙabartar na sami motata, na kuma sami maƙwabciyata Mami Yeabu durƙushe tana hura wuta tsakanin duwatsu. Matar nan a bakin tashar jiragen ruwa take soya kifi tun tana goyon ɗanta na fari, yanzu marayun jikokinta ke ci daga kaskon. An rushe rumfarta, an jefa kaskon cikin babbar mota, sai da ta bi motar da gudu tana roƙo aka cillo mata shi a lanƙwashe.

"Mami, me suka ce kin yi?"

"Wai ina ɓata wa baƙi kallo. Ni da nake wanka kullum, Pa Hindolo. Je ka ga abin da suka kafa a wurina."

Na je na gani. Rumfunan ciyawa ne sababbi fil, da allo mai cewa Ƙauyen Masunta na Gargajiya. An kwaso 'yan matan ofis an ɗaura musu zane, ga dogayen farce ja wur, kowace da tire a gabanta cike da kifin roba. Na gaske yana da ƙarni, in ji Kwamiti.

Da rana ta take, muna zaune a inuwar katanga, sai ga wata tsohuwar Baturiya da faffaɗar hula, mijinta na biye, rana ta gasa shi ya yi jajir. Sun nemi sayen kifi a can aka ce musu na hoto ne, shi ne suka biyo ƙamshi. Mami ta zuba musu kifi da dafaffen rogo, ta barbaɗa barkono ba tausayi. Mutumin yana ci yana hawaye yana miƙo faranti. Kafin a jima sauran baƙin suka biyo sahu, suka zazzauna kan tayoyi da jarkoki.

Tsohuwar ta kalli jerin motocinmu har inda ido ya tsaya, ta tambaye ni me ake jira. Ina neman yadda zan rufa wa ƙasata asiri, Komba direban bas ya riga ni.

"Bikin gargajiya ne, Madam. Kakanninmu suka fara shi, har yau ba a tashi ba."

Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ta ɗauke mu hoto.

Can sai ga wani ƙaramin jami'in Kwamiti cikin kwat, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya tsaya kan Mami. "Ke, wa ya ba ki izinin karkatar da baƙin gwamnati?"

"Yallaɓai, ban kira kowa ba. Hancinsu ne ya kawo su."

Ya kai hannu zai ƙwace kaskon, sai ya ga na'urorin hoto duk sun juyo kansa. Nan take ya washe baki, ya riƙe kunnen kaskon kamar mai taya aiki. Ƙarfen da ya yini kan wuta! Ya daure yana murmushi har aka gama ɗauka, sannan ya cusa hannun a hammata ya bar wurin ba sallama. Wannan ne karo na farko da na ga ma'aikacin Kwamiti ya sha wahala saboda talaka.

Da la'asar jirgi ya tashi. Aka loda furannin a mota, ashe na haya ne. Mami ta ɗauki kaskonta ta koma bakin tasha, 'yan gadi suka tare ta, wai an keɓe wurin don jirgi na gaba, wanda ba a san watan zuwansa ba. Masunta da 'yan dako da ke sayen abincinta suna can, ita tana nan tare da mu direbobi, masu yunwa da aljihu wayam. Jiya rabin kifinta ta mayar gida.

Yau rediyo ta sanar cewa baƙi sun yaba ƙwarai, don haka Kwamiti zai tura babbar tawaga ƙasarsu, a je a binciko abin da ya fi burge su a garinmu. Mami ta ce in rubuta wa Mai Girma kada ya wahalar da kansa, gishiri ne da barkono. To, na rubuta. Amma na san za su tafi, domin telan unguwarmu ya ce matansu sun riga sun kawo ɗinkin rigunan sanyi.