Sabar Ta Daina Gane Injiniya

Akwai wani injiniyan kwamfuta, Tasi'u, da ke kula da sabar wani kamfanin rarraba magunguna a Kano, wato babbar kwamfutar da duk takardun kamfanin ke ciki. Shi kuwa a Zariya yake zaune. Shekara uku ƙafarsa ba ta taka ofishin ba, daga laftof ɗinsa yake shiga sabar ya yi abin da zai yi ya fita. Da ya yi shiru da bakinsa ma da sauƙi, amma kullum a majalisa sai ya cika baki wai daga kan katifarsa yake juya Kano. Ni dai na ji haushin maganar nan ya fi sau goma.

Ran nan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu a cikin sabar, aka kira mai gyara ya canza. Saba ta tashi garau, amma Tasi'u ya ƙwanƙwasa daga Zariya ta ƙi buɗe masa. Ya sake lambar sirri, ya kashe laftof ya kunna, har kan katanga ya hau neman sabis, shiru. A can Kano kuwa motoci shida na tsaye, an kasa fitar da takardun kaya. Manaja Hajiya Lantana ta kira shi ta ce in la'asar ta yi bai gyara ba za ta nemi wani, ta kashe wayarta gaba ɗaya.

Gogan naka ya faɗa motar haya, ya iso bakin get ana kiran azahar, jiƙe sharkaf da gumi. Sai ga Baba Mati maigadi ya gitta sandarsa, ya ce a nuna katin aiki. Kati kuwa Tasi'u bai taɓa zuwa ya karɓa ba.

Ya ce, "Haba Baba, ni ne fa injiniyan gidan nan. Shekara uku kullum ina ciki."

Baba Mati ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ta wace ƙofa, yaro? Ni dai wannan ɗaya na sani."

Tasi'u ya haɗiye fushi ya shiga bayani dalla-dalla, cewa ta laftof yake shiga daga Zariya, kullum safe da yamma suna tare da na'urar, yanzu ne da aka canza mata kayan ciki ta daina gane shi. Yana yi yana duba agogo.

Tsoho ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya koma kan bencinsa ya gyara zama.

"To ɗana, ita da kuke tare safe da yamma ta ce ba ta san ka ba, ni da yau na fara ganin ka ne zan buɗe maka?"