Tattasan Konseye Muzammil

Duk wanda ya ce babu masana a Diffa bai taɓa zama kusa da kansilanmu, Konseye Muzammil, ba. Mu da muka san darajarsa Sarkin Hujja muke kiransa. Allah ya yi masa baiwar da ko likitoci ba su samu ba: kallo ɗaya zai yi wa matsala ya gane baƙo ne ya jawo ta.

Shekarar da ƴan gudun hijira suka ƙetaro kogin Komadugu, ita ce shekarar da gwiwarsa ta fara ciwo. Mai ƙaramin ilimi zai ce tsufa ne, ko nauyin tumbi. Konseye kuwa nan take ya gano bakin zaren. Da aka sace masa akuya, ya shiga rediyo ya bayyana cewa tunda ba a gane ɓarawon ba, to baƙo ne, don ɗan gida da an gane shi. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya nemi shaida. Konseye ya ce neman shaidar ma shaida ce cewa an saye malamin.

Bana tsutsa ta faɗa wa tattasai a ƙauyensu, can wajen Shetimari. Sarkin Hujja ya baro Diffa da jakar takardu, ya buƙaci mai garin, Bulama Abatcha, ya karɓe gonakin da aka ara wa baƙi. Ta farko a takardarsa ita ce ta Lauratu, wata ƴar gudun hijira daga Damasak da mijinta ya rasu, wadda ke ci da ƴaƴa huɗu da ƴar gonar nan. Gonar na jikin ta Konseye, amma kada kowa ya kawo mugun zato.

Bulama ya tara jama'a, ya sa aka ajiye faifai biyu na tattasai. Lauratu na zaune can baya, tsoro ya hana ta ɗaga kai.

Bulama ya ce, "Konseye, kai ne mai ido. Nuna mana aikin baƙo."

Konseye ya gyara gilashi. Ya ɗaga wani tattasai ja jawur, mai tsoka, ya ce, "Ku dubi hannun ɗan ƙasa. Wannan gadon kakanninmu ne, ba a koyonsa." Sannan ya tura ɗaya faifan da ɗan yatsa, duk ƙanana, duk huji. "Wannan kuwa aikin wanda bai san ƙasar nan ba, bai kuma damu da ita ba. A karɓe gonarsa yau, a ba mai wancan."

"Ka tabbata?"

"Ba na magana sau biyu."

"To," in ji Bulama, "mai kyan na Lauratu ne. Ɗayan kuma da safen nan aka tsinko shi a gonarka."

A yi masa adalci, shekara uku aikin ƙasa bai bar shi ya taka gonar ba. Ya yi gyaran murya, ya ce wannan ma ya ƙara ƙarfafa maganarsa: tsutsar baƙuwa ce, shi ya sa ta tsallake gonar ƴar uwarta.

Bulama ya ce in haka ne tsutsar za a kora, Lauratu ta ci gaba da nomanta. Sai a lokacin ta ɗaga kai, ta ce ita ba ta son gonar kowa, tata ta ishe ta.

Konseye ya juye faifan Lauratu kaf a jakar takardunsa, ya ce za a kai Diffa a zurfafa bincike. Uwargidansa ta ce rabon da miyarta ta yi daɗi haka tun kafin ya zama konseye.