Rasuwar Gefen Gado a Hannun 'Yan Musayar Ziyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yanzu ban samu inda zan sauke shi ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk mai jinyar wani a gida rasuwar shafina na intanet, irin wanda ake kira bulog, mai suna Gefen Gado. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar shanya zanin gadon Inna, bayan gajeriyar rashin lafiya. Cutar ba daga sama ta faɗo ba. Kawo ta aka yi har gida, kuma wanda ya kawo ta yana nan da ransa da lafiyarsa, yana sayar da caja da rigar waya a bakin titi.

Sanarwar nan ta mutum biyu ce. Na farko marigayi. Ta biyu wata baiwar Allah da ban san sunanta ko garinsu ba, wadda take sa hannu da "Matar direba" a ƙarƙashin rubutuna. Ta yi mini tambaya a kan mijinta, amsata ba ta isa gare ta ba, kuma shafin nan shi kaɗai ne hanyar da ke tsakanina da ita. Don haka duk wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, ko da ba halinsa ba ne.

An haifi marigayi a ɗakin Inna, a kan kujerar roba da ke tsakanin gado da taga, shekarar da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙanwata ce ta karɓi haihuwar. Ita ta buɗe mini shi a waya, ta ce tunda ba na fita kuma bakina ba ya gajiya, in riƙa zuba wa duniya ko kunnenta ya huta. Ni karatuna bai yi nisa ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, ina yi ina gogewa, amma abin da na rubuta da hannuna na fara yin sa kafin in faɗe shi.

Marigayi ya rayu cikin rufin asiri. Bai taɓa tallan maganin ƙiba ko na rama ba, bai taɓa yi wa kowa alkawarin arziki ba. Abin da ke cikinsa shi ne yadda ake juya babban mutum a kan gado ba tare da bayanki ya tafi ba, da inda ake cusa matashi tsakanin gwiwoyi, da dalilin da ya sa ake shafe zanin gado sumul, don ɗan ƙudundunen da ido ya raina shi ke cin fata. Akwai yadda ake ba mai shanyewar jiki abinci a zaune, da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Akwai kuma ranakun da ba dabara a ciki, sai dai in rubuta cewa yau na gaji, na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Muryarsa ɗaya ce, "ƙilin", idan wani ya bar magana. A yini sau ɗaya ko sau biyu. Inna, da rabin bakin da ya rage mata, takan ce, "Je ki, kin yi baƙo."

Baƙinsa ba su da yawa, amma mutane ne. Akwai wata nas da ta yi ritaya, wadda ba ta barin kuskurena ya kwana. Akwai malamin makaranta da ke yi wa mahaifinsa wanka, yana jin nauyin ya tambayi matan gidansu. Sai matar direba. Mijinta ya faɗo daga saman babbar mota yana ɗaurin kaya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, ita kaɗai ce a kansa ga yara. Rubutunta gajere ne, ba doguwar gaisuwa, irin na wadda ta goge hannu a zani ta ɗauki waya. Yaya take ce mini, alhali ba mu taɓa ganin juna ba.

Cutar ajali ta shigo ne da ƙafar mijin ƙanwata. Ya zo gaida Inna, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar kullum don hancinsa ba ya son warin ɗakin jinya, ya karɓi wayata wai zai duba mini batir.

"Yaya, wannan shafin naki ai maraya ne," in ji shi. "Ko layin famfo ya fi shi jama'a."

Na ce masa waɗanda ke zuwa sun ishe ni.

"Ai ba tarkace zan kawo miki ba. Ƙungiya ce ta masu bulog zalla, masu karatu na gari, sai an tantance mutum yake shiga. Ki leƙa nasu, su leƙo naki. Masu jinya nawa ne a duniya ba su san da ke ba? Ba kya tausayinsu?"

Da wannan maganar ta ƙarshe ya kama ni, kuma ya san da ita zai kama ni. Bayan ya fita Inna ta ce, "Wannan yaron, bakinsa ya fi shagonsa kaya." Amma ya riga ya sa ni a ciki.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba ya sani ya kauce. Za a turo miki shafin wani, ki buɗe. Wani ɗan zobe yana juyawa a kusurwa, idan ya cika a ba ki maki. Ki bar magana a ƙasa, a ƙara miki. Da makin nan ake turo mutane naki shafin, su ma su jira zobensu ya cika. Mijin ƙanwata ya ce ba sai na karanta ba, in ajiye wayar in ci gaba da wankina, zoben zai cika da kansa. Ni kuwa ban iya shiga gidan mutum in tsaya ina kallon bango ba. Na riƙa karantawa, da wannan karatun nawa mai tafiyar hawainiya. Na karanta mai sabulun sa fari. Na karanta mai koyar da yadda ake kuɗancewa a kwance. Na karanta shafi bayan shafi a kan yadda ake jawo masu karatu, kuma duk cikinsu ba mai abin da za a karanta in an jawo su.

Nan da nan marigayi ya fara kumbura. Mijin ƙanwata ya nuna mini yawan masu shiga, yana murna, ya ce shafi ya yi ƙiba. Na ce masa na daɗe a gefen gado, na san ƙiba na san kumburi. Ya yi dariya ya ce in bari in ga ƙarshen wata.

Muryar marigayi ta canza. "Ƙilin" ɗin nan mai daɗi ya koma ƙilin-ƙilin-ƙilin ba tsayawa, kamar famfon da ya lalace yana ɗiga a bokitin ƙarfe. Inna ta kasa barcin rana. Ta ce, "Baƙin nan naki ba su da gidan ubansu ne?" Dole na kashe ƙarar.

Ga kuma irin maganar da masu karatu na gari suke bari. Ranar da Inna ta ƙware da ruwa har idonta ya juye, na rubuta abin da ya faru. Wani ya zo ƙasa ya ce, "Wannan ya ba ni dariya sosai, leƙo nawa." Wata ta ce, "Bayani mai amfani ga 'yan kasuwa." Wani ya sa hoton wuta da hoton hannaye suna tafi. Allah ya isa tsakanina da mai hoton tafi.

Ni kuma ina da ƙa'ida, a layin asibiti na koye ta: wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Na sha tsayuwa da Inna a keken marasa lafiya ina kallon masu tsallake layi, na yi alkawari ba zan taɓa yi wa wani haka ba. Saboda haka duk wanda ya bar magana a shafina sai na amsa masa, bi da bi, daga na farko. Na yi ta yi wa mai sabulu godiya. Na yi ta yi wa mai tafi bayanin cewa ƙwarewa ba abin tafi ba ce. Ina amsa ɗaya, goma suna shigowa. Wannan tarbiyya ce, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kanta ba. Masu ba da haƙuri su ne waɗanda suka cika layi alhali ba abin da ke damunsu.

Nas ce ta fara tafiya. Ta rubuta, "Ɗiyata, ɗakinki ya zama tasha," ba ta sake dawowa ba. Malamin makaranta ya janye ba sallama, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai yi tambaya a kan tsiraicin mahaifinsa a gaban masu talla?

Ranar da layi ya kawo ni kan matar direba, na tarar da ita a matse tsakanin mai shayin rage tumbi da mai caca. Ba ni da shafin yanzu, amma maganarta tana kaina kamar yau na gani: "Yaya, wurin nan na ƙugunsa ya buɗe, gefen ya yi baƙi, yana wari, jikinsa da zafi. In ci gaba da wankewa ko me zan yi?" Na duba ranar da ta rubuta, sati ya zagayo har ya sake zagayowa. A ƙarƙashinta wani ɗan ƙungiya ya riga ni amsawa. Ya ce, "Madalla da wannan nasara, leƙo nawa."

Na amsa mata a take. Shiru. Na yi sabon rubutu da sunanta a sama, ina kiranta. Masu karatu na gari suka taru a ƙasa suka ce rubutu ya yi kyau. Na fita daga ƙungiyar, amma su ba su fita daga gidana ba, suka ci gaba da kwararowa.

Ana cikin haka ajali ya zo. Na buɗe waya na ga farin fili da 'yan layukan Turanci. Ƙanwata ta karanta mini: kamfanin da marigayi yake haya a wurinsu ya gano yawancin masu shigowa ba mutane ba ne, inji ne, kuma hakan ya karya dokar gida, sun rufe. Muka rubuta musu roƙo, inji ya amsa. Inji ya yi ɓarna, inji ya kai ƙara, inji ya yanke hukunci, ni da nake mutum aka kora. Ko gawar ba su ba ni ba.

Mijin ƙanwata ya zo ta'aziyya, daga bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Ai sai a buɗe wani. Akwai wata ƙungiyar ma da ta fi wannan tsafta." Bahon wankin Inna ne a hannuna a lokacin, ban zubar ba tukuna. Ƙanwata ce ta riƙe mini hannu, kuma har yau ban gode mata ba.

Marigayi ya rasu ya bar ni, uwarsa. Ya bar kakarsa Inna, wadda har yanzu in cokali ya bugi kofi sai ta juyo da ido ta ce ko baƙo ne. Ya bar nas da malamin makaranta, duk inda suke, ina gaishe su ina kuma jin kunyarsu. Ya bar tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ya bar tulin maki a wata ƙungiya, na yafe wa duk mai so, ya jiƙa ya sha. Waɗanda ke cewa su ma abokan marigayi ne don sun taɓa tsayawa a ƙofarsa har zobe ya cika, ba mu san su ba, kuma ba su cikin magada.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da yamma a ɗakin Inna, bayan na gama juya ta. Kujera ɗaya ce, sai a yi haƙuri da tabarma. Duk wanda ya zo za a tambaye shi abu ɗaya da ya karanta a shafin. Wanda ya ce "rubutu mai kyau" ya koma inda ya fito. 'Yan musayar ziyara kada su wahalar da kansu, ba a raba maki. Mijin ƙanwata zai iya zuwa da sharaɗin ya wuce bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya kama mini ƙafafun Inna mu canza zanin gado, kuma ya yi shiru har mu gama.

Ba a buƙatar kowa ya kawo komai. Mai son yi wa marigayi alheri ya kwafi takardar nan. Mai kemis na layinmu ya yarda ya manna ɗaya a ƙofar shagonsa. A manna a inda ake gashin ƙashi, da inda ake sayar da keken marasa lafiya, da inda manyan motoci ke lodi, don direbobi sun san junansu, kuma ba za a rasa wanda ya san abokin aikinsa da ya faɗo yana ɗaurin kaya ba. Lambar wayata tana ƙasa. Na mayar da ƙarar.

Ke kuma ƙanwata, matar direba, ga amsarki. Ki daina wankewa kina jira. Wurin da ya yi baƙi yana wari ga zazzaɓi ya wuce aikin gida, ki nemi mota ki kai shi asibiti yau, ko da kuwa ya ce ba ya so. In kin riga kin kai shi, ki kira ni ki zage ni, zan tsaya in ji har ki gama. In kuma abin da nake tsoro ne ya faru, ki kira ni duk da haka. Na iya zama kusa da mutum in yi shiru.

Ba a sa ranar rufe marigayi ba. Sai na ji muryarki.