Kallamu da Kyamara Mai Jawo na Nesa

A Tudun Gamji, a gida na ƙarshe kafin a kama hanyar Dutsen Shiru, an yi wani mutum ana ce masa Kallamu. Ƙato ne, ga ƙarfi kamar sa, ba ya faɗa, ba ya ƙarya. Aibinsa guda: yadda magana ta fito daga bakinka, haka take zama a kansa, ba ya juya ta. Yana zaune da mahaifiyarsa, Iya Gwamma, da yayarsa Tabawa mai tuyar ƙosai. Babban wansu Haladu direba ne a birni, sai jefi-jefi yake leƙo su.

Wata rana Haladu ya zo masa da tsaraba, wata 'yar kyamara baƙa wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba.

"Ka ga, aljihu take shiga," in ji Haladu. "Ba ruwanka da fim, ba ruwanka da kai wanki. Danna nan kawai, ka ga mutum nan take. To, gwada mu gani. Ɗauki Iya."

Kallamu ya zura kyamara a aljihu, ya sunkuci Iya Gwamma daga kan tabarma, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Yaya, ina zan kai ta?"

"Sauke ni, ja'iri!" Iya ta yi ta dukan bayansa da mafici.

Da ƙyar Haladu ya daina dariya. Ya karɓi kyamarar ya ɗauki hoton Iya da kansa, ya nuna masa. Kallamu ya dubi Iya ta cikin gilashi, ya dubi Iya ta kan tabarma, ya daɗe yana dubawa.

"Yanzu Iya biyu ke nan," ya ce. "Amma ta ciki ba ta ƙifta ido. Wacce ce tamu?"

Iya Gwamma ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ta ce a kashe abin nan haka.

Wata rana, bayan Haladu ya koma birni, Kallamu yana tsakiyar ɗaukar hoton awaki sai gilashin ya yi baƙi ƙirin, idon kyamarar ya shige ciki kamar wuyan kunkuru. Ya kai wa Tabawa a bakin kasko.

"Batirin ne ya mutu," ta ce, hankalinta na kan ƙosai. "Je ka yi masa abin da ake yi."

Kallamu ya ciro batirin a hankali. Ya yagi farin ƙyalle ya naɗe shi, ya haƙa ɗan rami a gindin darbejiyar bayan gida ya binne. Sannan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna, ya sunkuyar da kai. Masu dawowa daga gona suka tsaya.

"Kallamu, lafiya?"

"Rasuwa aka yi mana."

"Inna lillahi! Wa?"

"Na cikin gida ne. Ɗazu-ɗazun nan ana aiki lafiya lau, sai kawai shiru. Har na binne."

Kafin azahar labari ya zaga gari cewa Iya Gwamma ta cika. Mata suka ɗunguma zuwa gidan suna kuka, suka kutsa kai tsakar gida. Sai ga Iya zaune cikin inuwa da farin mayafi, tana tankaɗe, gari ya yi mata fari fat a fuska. Ta ɗago kai ta ce, "Sannunku da zuwa." Wata tsohuwa ta zube a wurin. Sauran suka yi waje, wasu ko takalma ba su ɗauka ba.

Tabawa ce ta tono batirin, ta kai shi shagon Nagoma mai cajin waya. Da yamma ta mayar da shi cikin kyamara, gilashi ya kawo haske, ido ya leƙo. Kallamu ya ja da baya har ya jingina da bango.

"Da hannuna na binne shi," ya ce a hankali.

Wata rana Nagoma ya nuna masa wani ɗan maɓalli a saman kyamarar.

"Wannan in ka tura shi, yana jawo na nesa ya zo kusa. Amfaninta ke nan. Sai dai ƙarfinta kaɗan ne, in ka ja da yawa fuska ɓaci take yi."

Kallamu ya fito bayan gari, ya hango Baba Jatau maƙwabcinsu can ƙarshen gonarsa, ɗan mitsitsi kamar ƙuda. Ya tura maɓalli, Baba ya matso. Ya ƙara, Baba ya ƙara matsowa. Daɗi ya kama shi, ya tura har ƙarshe ya danna. Da ya duba, ga malafa, ga riga, amma inda fuska take ba ido, ba hanci, ba baki, sai wani abu toka-toka kamar dunƙulen fura.

Ya ruga gidan Baba Jatau ya yi sallama da matarsa Yalwa.

"Gwaggo, ki yafe mini. Na jawo Baba da ƙarfi. Shi ya iso, fuskarsa ta tsaya a hanya."

Ya nuna mata. Yalwa ta saki salati. Shi kuwa ya ari kwandonta ya bi hanyar gona yana leƙa ƙarƙashin kowace ciyawa. Da la'asar Baba Jatau ya dawo da damin harawa a ka, ganye ya zubo ya rufe masa fuska. Yalwa ta tsaya daga nesa, ta ce kada ya matso sai ya sauke kayan. Ko da ya sauke, ba ta yarda ba sai da ta shafa hancinsa da hannunta.

Wata rana mata masu zuwa itace suka dawo a guje, suka ce akwai wani abu fari tsaye a kan Dutsen Shiru. Dutsen nan ba mai hawansa. Tsofaffi sun ce mutanen da suka fara zama a wurin can sama suke kwance, kuma ko tsuntsu ba ya kuka a kansa. Aka fito bakin gari aka duba. Ga shi kuwa, dogo, fari, ba ya motsi, da rana tsaka. Washegari yana nan inda yake. Mai unguwa ya hana kowa bin hanyar, aka daina kai dabbobi kiwo ta gabas.

A washegarin nan, jama'a na tsaye cirko-cirko a bakin gari sai Nagoma ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kallamu, kai da kake da mai jawo na nesa, jawo mana abin nan mu gani mana."

Kallamu ya ɗaga kyamara ya tura maɓalli har ƙarshe. Aka taru a kan ɗan gilashin. Kamar mace ce a lulluɓe, hannu ɗaya a miƙe yana nuna ƙasa. Fuska babu. Mutane suka dare.

"Ɓacin hoto ne kawai," in ji Nagoma. "Ai ba ta jawu da kyau ba."

Kallamu ya gyaɗa kai. Ya shiga gida ya kwance igiyar guga, ya rataya a kafaɗa, ya kama hanyar dutse. Iya Gwamma ta bi shi tana kira har bakin gari, Tabawa ta riƙe ta. Ba namijin da ya taka ya bi bayansa. Suna kallo yana ƙanƙancewa a jikin dutsen, har ya kai dab da farin abin, sannan ya ɓace.

Rana ta karkata, inuwa ta yi tsawo, Iya ta gaji da kuka ta koma addu'a. Sai ga Kallamu yana gangarowa, goye da mutum. Wani baƙo ne mai cirar zuma daga ƙauyen gaba, sunansa Makau. Ya zame ne ya faɗa cikin tsagin dutse, ƙafarsa ta karye, leɓɓansa duk sun tsage don ƙishirwa. Aka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, aka aika a kira maɗori. Da maɗorin ya duba ya ce da an ƙara kwana, sai dai gawa.

Da Makau ya farfaɗo, mai unguwa ya ce, "Bawan Allah, dabararka ta cece ka. Da ba ka kafa farin zane a sama ba, wa zai san kana can?"

Makau ya dube shi. "Wane zane, ranka ya daɗe? Ni da rigar nan kaɗai na fito." Rigar shuɗiya ce. "Ina can ƙasan rami, muryata ma ta daɗe da ƙarewa."

Aka juya aka dubi dutse. Ba komai a kansa. Aka juyo ga Kallamu, yana zaune yana naɗe igiyarsa.

"Ita ta nuna mini ramin," ya ce. "Na gaya mata an ce in jawo ta. Ta ce in fara da wannan."

Can Tabawa ta ce, "Ka ga fuskarta?"

"Na gani. Kyamarar ba ta ɓata komai ba, Yaya. Haka take."

Ya miƙe, ya mayar da igiya kafaɗa. "Saura ita."

Mai unguwa ya yi wuf ya riƙe masa hannu. Ya auna kowace kalma kafin ya sake ta.

"Kallamu. Ka bar ta. Inda take."

"To," in ji Kallamu, ya tafi ya mayar wa guga igiyarsa.